Dattawan Ma'aurata a Bakin Aikin Tsaron Tarihi: Tsarin Sa-kai na Cocin Mormon da Halin da Tarihin Hausawan Anacha, Inugu da Fatakwal Yake Ciki

Tsakure

Maƙalar ta nazarci tsarin da cocin Mormon yake bi na tura miji da mata da suka yi ritaya su tare a wuraren tarihin magabatansa, su kula da gine-gine, su karɓi baƙi, ba tare da albashi ba. An duba yadda aikin yake gudana a Nauvoo da Kwarin Martin a Amurka, da rawar da irin waɗannan dattawa suka taka a gabashin Nijeriya a 1978. Daga nan aka auna tsarin da halin unguwannin Hausawa na Anacha da Inugu da Fatakwal. An gano cewa ƙarfin tsarin yana cikin haɗa dattijo da wuri da ma'ajiyar takardu, rauninsa kuma yana cikin tace labari. Maƙalar ta ga Hausawan gabas na iya ɗaukar na farkon, su guji na biyun.

1.0 Gabatarwa

Kasuwar Relief tana Okpoko, cikin ƙaramar hukumar Ogbaru, manne da Anacha, a kan hanyar da ta nufi Owerri. Kasuwar sari ce ta kayan masarufi. Daga nan har bakin gadar Neja ba a rasa Bahaushe: 'yan albasa da tattasai, masu awaki, 'yan canji, 'yan dako, direbobin tirela da yaransu. Haka abin yake a Garki da Artisan a Inugu, da Diobu da Oyigbo a yankin Fatakwal. Mai wucewa zai ɗauka jiya suka sauka daga mota. Alhali akwai gidajen da kakansu a nan aka haife shi, Ibonsu kuma ya fi Hausarsu kaifi.

Wannan daɗewa ba ta da mazaunin da za a je a gan ta. Mafi yawanta a bakin tsofaffi take. A cikin garuruwan nan uku kuwa akwai wata ƙungiyar addini, cocin Mormon, da ta zo bayan Hausawa da shekaru masu yawa, amma ta san ranar da ta fara, da sunan rafin da aka fara yi wa mabiyanta baftisma, da adadin mutanen da suka shiga ruwan. Tambayar maƙalar ita ce: wace dabara ce ta ba su wannan, kuma wane ɓangare nata zai yi wa Hausawan gabas amfani? Batun aƙida ba ya cikin binciken. Tsari ake nazari.

2.0 Hanyar Bincike da Ayyukan da Suka Gabata

An bi hanyar kwatance, aka dogara da ayyukan da aka wallafa. A ɓangaren cocin, akwai littafin da Rendell Mabey ya rubuta tare da Gordon Allred a 1984 kan zamansa a Nijeriya da Ghana, da hirarrakin da E. Dale LeBaron ya tattara ya buga a 1990, da maƙalar James B. Allen ta 1991 kan Afirka ta Yamma kafin 1978. A ɓangaren Hausawa, aikin Mahdi Adamu na 1978 shi ne ginshiƙi kan bazuwar Hausawa a Afirka ta Yamma, na Abner Cohen na 1969 kuma ya nuna yadda Sabon Ibadan yake tafiyar da kansa. Wanda ya fi kusa da gabas shi ne na Egodi Uchendu na 2011 kan shigar Musulunci ƙasar Ibo. An kuma ari ra'ayin Bafaranshen masanin tarihi Pierre Nora, cewa al'umma takan ɗora tunaninta a kan wuri ko abu idan masu riƙe da shi a ka suka fara ƙarewa.

3.0 Hijirar da Ake Tsaro

An kafa cocin a jihar New York ranar 6 ga Afrilu 1830 a hannun Joseph Smith. Mabiyansa sun sha kora daga Ohio zuwa Missouri zuwa Illinois, inda suka gina garin Nauvoo a bakin kogin Mississippi. An kashe Smith a kurkukun Carthage ranar 27 ga Yuni 1844. A 1846 jama'ar suka fice ƙarƙashin Brigham Young, ayarin farko ya isa kwarin Salt Lake a Yuli 1847. Kafin jirgin ƙasa ya haɗe nahiyar a 1869, kimanin mutum 70,000 sun bi wannan hanya.

Talakawan cikinsu, yawanci daga Ingila da ƙasashen arewacin Turai, ba su da kuɗin keken shanu. Sai aka yi musu amalanke: akwatin katako a kan ƙafa biyu, da sanda a gaba da mutum zai shiga ya tura da ƙirji. Mutum biyar ga amalanke ɗaya, kayan kowane babba kada ya kai kilo takwas. Ayari goma ne suka yi wannan tafiya tsakanin 1856 da 1860, mutum kusan 3,000, tafiyar da ta kai kilomita 2,000 ga waɗanda suka tashi daga Iowa. Ayari biyu na 1856, na James Willie da na Edward Martin, sun makara. Ƙanƙara ta rutsa da su a Wyoming ranar 19 ga Oktoba, sama da mutum 200 suka mutu. Ayarin Martin ya fake a wani lungun dutse kusa da kogin Sweetwater na 'yan kwanaki a farkon Nuwamba. Shi ne Kwarin Martin.

4.0 Yadda Aikin Dattawan Yake

Cocin ya sayi gonar da ke kusa da kwarin a 1996, ya buɗe cibiyar baƙi a 1997, a 2004 kuma ya karɓi hayar kwarin kansa daga gwamnatin tarayya na shekara 25. A Nauvoo aikin ya girmi haka. Wani likita, J. LeRoy Kimball, ya sayi gidan kakan babansa a 1954 ya gyara, daga nan aka kafa hukumar maido da garin a 1962. A Maris 2024 cocin ya biya dala miliyan 192.5 ya sayi haikalin Kirtland da wasu gidajen Nauvoo daga wata ɗarikar da suka rabu tun bayan mutuwar Smith. Kuɗi dai an zuba. Amma gini ba ya magana, kuma a nan dattawan suke shigowa.

Ma'auratan da suka haura shekara 40, waɗanda ba su da ƙananan yara a gabansu, suna iya neman a tura su. A aikace mafi yawansu sun haura 60. Tun 2011 suna zaɓar wata 6 ko 12 ko 18 ko 23. Su suke ciyar da kansu, su biya kuɗin gida, sai dai a waccan shekarar an ƙayyade kada hayar ta wuce dala 1,400 a wata. Ana yi musu gajeren horo, a ba kowa ɗan baƙin allo mai sunansa ya maƙala a ƙirji. A Nauvoo tsohon injiniya zai koyi ƙira, ya tsaya gaban zuga yana lanƙwasa ƙarfe yara na kallo. Matarsa tana wani ɗakin tana gasa burodi a tanderun bulo cikin doguwar riga irin ta 1840. Wasu suna jan keken doki, wasu suna tufka igiya, wasu ɗinki ne aikinsu. A Kwarin Martin da yawa cikin mota mai ɗakin kwana suke zama daga bazara zuwa kaka. Suna wanke banɗaki, suna gyara shinge da ƙafafun amalanke, sannan su raka dubban matasa da ake kawowa su ja amalanken da hannunsu na kilomitoci. A irin wannan tattaki akan nuna wa yara ɗan ƙullin gari da bai cika tafin hannu biyu ba, a ce musu abincin yini guda ke nan lokacin da rabon ayarin ya sauko daga kusan rabin kilo zuwa rubu'insa. Yaron da ya riƙe ƙullin nan da wuya ya manta 1856.

Me ya sa dattawa? Amsar farko lokaci ne, wanda matashi ba shi da shi. Amma akwai abin da ya fi lokaci. Furfura tana sa a saurara, kuma da yawansu jikokin mutanen da suke ba da labarinsu ne, don haka sukan ambaci suna da shekaru da abin da ya kashe mamacin. Turo su bibbiyu ma dabara ce. Kaɗaici ba ya korar su daga dajin Wyoming, kuma labarin mata, na haihuwa a hanya da binne jarirai, daga bakin mace yake fitowa. A bayansu kuma akwai sashen tarihi na cocin da babban ɗakin ajiyarsa a Salt Lake, wanda ke riƙe da littattafan da matafiyan suka rubuta kullum. Dattijon da ya gama wa'adinsa zai tafi, na bayansa ya tarar da komai a rubuce. Wannan gadon hannu-da-hannu shi ne zuciyar tsarin.

5.0 Inugu, 1978

Gabashin Nijeriya ya san waɗannan ma'aurata tun kafin ya san matasan 'yan mishan masu farar riga da lakataya. Daga ƙarshen shekarun 1950 mutane suka riƙa rubuta wasiƙu zuwa Salt Lake suna neman littattafai, wasu har suka buɗe majami'u da sunan cocin ba tare da izininsa ba. Wakilin cocin, LaMar Williams, ya zo ya gan su a 1961. Amma cocin a lokacin ba ya naɗa baƙar fata limanci, ba ya kuma shigar da su manyan ibadun haikali. A 1963 jaridar Nigerian Outlook ta Inugu ta buga wasiƙar wani ɗalibin Nijeriya a California da ta fallasa wannan, gwamnati ta tsaurara batun biza. Aka janye Williams a 1965, yaƙin basasa ya biyo baya.

A Yuni 1978 shugaban cocin, Spencer W. Kimball, ya sanar da ɗage takunkumin. A Nuwamba aka turo ma'aurata biyu, Rendell da Rachel Mabey, da Edwin da Janath Cannon, suka yi sansani a Inugu. Mabey lauya ne mai kimanin shekara 70. Suka nemo wani malamin makaranta, Anthony Obinna, a yankin Aboh Mbaise na jihar Imo, wanda ya yi shekaru yana jira. Ranar 21 ga Nuwamba 1978 aka yi wa mutum 19 baftisma a rafin Ekeonumiri. Cikin shekara guda adadin ya kai kusan 1,700 a Nijeriya da Ghana. An kafa babbar gundumar cocin ta farko a Afirka ta Yamma a Aba ranar 15 ga Mayu 1988 ƙarƙashin David Eka, aka buɗe haikalin Aba ranar 7 ga Agusta 2005. Yau mabiyan a Nijeriya sun haura 200,000.

Abin lura ga wannan bincike shi ne dalilin da ya sa ake iya jero waɗannan ranaku. Dattawan nan huɗu sun riƙa rubuta abin da ya faru kowace rana, suna ɗaukar hoto, suna aika rahoto. Suna yin aikin suna ajiye shaidarsa.

6.0 Inda Tsarin Ya Gaza

Mai tsaron wuri don ibada yakan zaɓi abin da zai faɗa. Shekara da shekaru ana gaya wa baƙi cewa samari uku 'yan shekara 18 ne suka goya ayarin Martin kaf suka ƙetarar da shi Sweetwater, sanyin kuma ya yi ajalinsu. A 2006 Chad Orton, ma'aikacin sashen tarihin cocin kansa, ya nuna cewa masu ceton sun fi uku, ba kowa aka goya ba, kuma samarin sun rayu shekaru masu yawa bayan haka. An kuma daɗe ana gaggauta wuce tambayar da ta fi nauyi: wa ya bar mutane suka tashi a makare, bayan ɗaya daga cikin matafiyan, Levi Savage, ya gargaɗe su a Agusta 1856? Kisan Mountain Meadows na 11 ga Satumba 1857, inda mayaƙan sa-kai na Mormon suka hallaka matafiya kusan 120, sai a 2007 wani babban jagoran cocin ya tsaya a wurin ya bayyana nadama. A cikin ayarin farko na 1847 akwai bayi uku baƙar fata, Green Flake da Hark Lay da Oscar Crosby. Sai a Yuli 2022 aka kafa musu gumakan tunawa a Salt Lake. Hayar Kwarin Martin ma sai da ta kai kotu a 2005, saboda ƙorafin ana wa'azi a filin gwamnati.

Dole a yaba wa cocin cewa da yawa daga cikin gyararrakin nan daga ma'ajiyarsa suka fito. Takardar da aka adana ita ce ta zo ta ƙaryata labarin da baki ya ƙawata. Duk da haka, dattijon da aka ba rubutaccen jawabi ya haddace cikin mako biyu ba masanin tarihi ba ne, kuma bai kamata a ɗauke shi haka ba.

7.0 Hausawan Gabas

Zaman 'yan arewa a gabas ya girmi Nijeriya. Fatake Hausawa da Nufawa sun bi Neja zuwa Anacha a ƙarni na 19, dillalan dawaki sun biyo ta ƙasar Igala zuwa yankin Nsukka, maharba giwa sun kafa zango a Elele ta jihar Ribas wajen ƙarshen ƙarnin. Akwai sojoji Hausawa cikin rundunar da Turawa suka kai yaƙin Aro a 1901 zuwa 1902. An gano kwal a Inugu a 1909, layin dogo ya haɗa ta da sabuwar tashar Fatakwal a 1916, gadar Makurɗi ta 1932 kuma ta buɗe wa shanu da kayan gona hanya kai tsaye. A shekarun 1950 wani Bafulatanin dillalin shanu daga Sifawa ta ƙasar Sakkwato, Malam Umaru Altine, ya zama magajin garin Inugu na farko a inuwar jam'iyyar NCNC. Yara nawa ne a Garki suka san sunansa?

Sau biyu aƙalla wannan zama ya tsinke. A 1966, bayan kisan gillar da aka yi wa Ibo a garuruwan arewa, an yi ramuwa a gabas, Gwamna Ojukwu kuma ya umarci waɗanda ba 'yan yankin ba su fice. A Fabrairu 2006, bayan rikicin Maiduguri, aka far wa 'yan arewa a Anacha, aka ƙona masallatai, jama'a suka tsere barikin soja da ƙetaren gada zuwa Asaba. A kowane karo, ban da rayuka, akwai abin da ba a lissafa shi cikin asara: adakar ƙarfe da ke ƙarƙashin gadon maigida. A cikinta ake samun rasiɗin haya na shekaru, takardar filin masallaci, wasiƙun ajami daga gida, hoton ranar naɗin Sarkin Hausawa, littafin bashi na dillali. Tashin kasuwanni ma yana yin irin wannan ɓarna a hankali. An tashi mayankar Trans-Amadi ta Fatakwal a zamanin Gwamna Nyesom Wike, a 2023 kuma gwamnatin Abiya ta ce a daina kwana a kasuwar shanu ta Lokpanta. A irin wannan takaddama tambayar farko ita ce yaushe kuka zo, wa ya ba ku wurin. Mai takarda ne yake iya amsawa.

Akwai kuma wata asarar da ba ta jiran rikici. Bahaushen gabas ba ya ritaya a inda ya yi aiki. Idan ƙarfi ya ƙare sai ya ce zai koma gida, ya bar wa ɗa ko ƙane rumfa, ya tafi Illela ko Gaya ko Maraɗi da duk abin da ya sani. Saboda haka babban kaso na tarihin Hausawan Anacha a maƙabartun ƙauyukan arewa yake kwance. Waɗanda suka rage kuwa, ana iya ganinsu bayan la'asar a kan benci ƙofar masallaci, buhunan albasa jibge a bayansu, ɗaya na cewa "Alhaji, ai shekarar da aka gyara gada muka zo," ɗayan na musa masa. Ana kiran magariba a watse, babu wanda ya rubuta.

Ba sai an je Wyoming za a samo hujjar sa tsofaffi wannan aiki ba. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta tsara 'Yan Taru a kan jajis, manyan mata da suka huta da raino, suna zagaya ƙauyuka suna koyarwa ba don lada na duniya ba. Hubbaren Shehu a Sakkwato yana da masu kula da shi da ke karɓar maziyarta. Waƙafi kuma sananne ne a fiƙihu. Abin da tsarin Mormon ya ƙara a kan waɗannan shi ne wa'adi, da horo, da rubutawa, da miƙa aiki ga na baya.

Bambanci biyu ne ba za a tsallake ba. Dattijon Amurka yana da fansho da gidan kansa, ɗan kasuwar Relief kuwa ranar da bai fita ba babu cefane. Don haka a nan sa-kai ba zai yiwu da aljihun mai aikin kaɗai ba. Na biyu, cocin ya mallaki mafi yawan filayensa, Hausawan gabas yawanci 'yan haya ne. Gidan tarihi mai tsada a irin wannan hali ganganci ne.

8.0 Shawara

Abin da zai yiwu ƙarami ne. Ɗaki ɗaya a harabar babban masallacin kowane gari ya isa. Ƙungiyoyin 'yan albasa da na dillalan dabbobi, da suka saba karɓar kuɗin ƙungiya a kan kowace mota, su ɗauki nauyin masauki da abincin ma'aurata guda na wata shida. Tsofaffin malaman makaranta da ma'aikatan jirgin ƙasa da suka yi ritaya sun fi dacewa, musamman waɗanda suke jin Ibo. Zuwan matar ba ado ba ne. Namiji ba zai shiga gidan da aka rubuta "ba shiga" ba, kuma a can ne labarin ungozoma da masu tuwo-tuwo da malaman Islamiyya mata da auratayya da Ibo da Ikwerre yake. Wayar hannu ta isa ɗaukar murya da hoton takarda. Duk abin da aka tattara a yi kwafinsa biyu, ɗaya ya tafi Gidan Arewa a Kaduna ko Gidan Mambayya a Kano, ɗaya ya zauna a ma'ajiyar takardu ta ƙasa da ke Inugu ko sashen tarihi na Jami'ar Nsukka, domin ɗakin da ke cikin kasuwa yana iya ƙonewa.

Sharaɗin da maƙalar ta fi nauyaya shi ne kada a tace. A rubuta waɗanda aka kashe a 2006, a rubuta maƙwabtan Ibo da suka ɓoye mutane a ɗakunansu. A rubuta 1966 ta ɓangare biyu, har da abin da aka yi a Kano da Jos. A rubuta cewa wasu magabatan da bindigar Bature suka shigo. Tarihin da ya ƙunshi wannan ne kaɗai mai gari zai yarda ya zauna ya saurara.

Wanda yake da shekara 15 a 1966 yanzu ya haura 70. Ana kira ga Sarakunan Hausawa na Anacha da Inugu da Fatakwal, da sassan tarihi na jami'o'in Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Danfodiyo, su fara da waɗannan dattawa a wannan shekarar, na gabas da waɗanda suka riga suka koma gida.